Ruwa ba ya tsami banza

 

Sharhinmu na yau ya taɓo abubuwa biyu da za a ce ba abin da ya haɗa su: ruwan kwamin ninkaya idan ya sauya launi, da kuma filtar man giyar mota, wadda direbobi da yawa ba su ma san inda take ba. Abin da ya haɗa su wani hali ne da ya yi mana katutu, wato gaggawar zuba magani tun ba a san ciwon ba. Ruwa ya yi kore, a ce a ƙara kulorin. Mota ta ƙi shiga giya, a ce a sayo wani giyabos. A duka biyun kuɗi ke salwanta, wani lokaci har da lafiya.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mu Sakkwatawa ba baƙi ba ne ga wannan ilimi. Duk wanda ya zauna gaban malam a zaure ya buɗe Ishmawi ko Risala, ya san tun a farkon karatu ake shiga maganar ruwa. Ana duba abu uku: launinsa, ɗanɗanonsa, da warinsa. Kuma malamanmu na Malikiyya ba su tsaya ga cewa ruwa ya sauya ba, sai sun bi diddigin abin da ya sauya shi. Idan ƙasar da yake kwance a kanta ce ta rina shi, hukuncinsa daban. Idan wani abu mai tsarki ne ya faɗa ciki, daban. Idan najasa ce, daban. Fatawa ta malamai ce, ba ta mai sharhi ba. Abin da nake so mu riƙe shi ne tsarin tunanin: sauyi ɗaya a ido, dalilai mabambanta a ƙasa, kuma dalilin ne ke yanke hukunci. Wannan tambaya ta "me ya sauya shi" ita ce muke barinta a zaure idan muka fito bakin aiki.

Mu fara da ruwan. Idan bazara ta kankama, watan Maris zuwa Mayu, zafin garin nan kan haura digiri 40, sai wuraren ninkaya na otal-otal da wuraren shaƙatawa su cika da yara da matasa. A daidai wannan lokaci ne kuma ruwan ya fi saurin juyewa. Hasken rana na cinye kulorin, kuma rana irin tamu tana iya lashe mafi yawan abin da aka zuba cikin 'yan sa'o'i, muddin ba a haɗa shi da sinadarin da ke kare shi ba. Shi ya sa masu sanin aikin ke zuba shi bayan magariba. Ga ruwan ya yi ɗumi, ga jama'a sun yi yawa, ga injin da ke zagaya da ruwa an kashe shi don tsimin man gas ko rashin wuta. Kwana biyu a haka, gansakuka ta samu gida.

To amma kore iri biyu ne, kuma a nan ake yawan kuskure. Akwai koren da ruwan ya gurɓace, ba ka hango ƙasan kwamin, ka shafa bango ka ji santsi. Wannan gansakuka ce, mai rai ce, maganinta kulorin mai ƙarfi, da goge bango da buroshi, da barin injin ya yi ta aiki dare da rana har ruwan ya washe. Akwai kuma koren da ruwan yake garau, kana iya ƙirga tayil ɗin ƙasa, bango ba santsi, amma launin kore ne. Wannan galibi ƙarfe ne narkakke a cikin ruwan, musamman jan ƙarfe. Yana shiga ne daga wasu magungunan kashe gansakuka da aka yi da shi, ko daga bututun da ruwa mai tsami ya ci. Wanda ya ga wannan ya ƙara kulorin, ƙara rina ruwan ya yi.

Sai ruwan ƙasa-ƙasa, mai launin tsatsa. Wannan namu ne na gida. Yawancin masu kwami a garin nan da rijiyar burtsatse suke cika shi, kuma sanannen abu ne cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa a wurare da dama na wannan yanki yana ɗauke da ƙarfe. Duba jan dutsen marmara da ke kwance a kan tuddanmu. Abin da ke ruɗa mutane shi ne ruwan kan fito daga famfo fari tas. Ƙarfen yana ciki, amma ido ba ya ganinsa sai iska ko kulorin ta taɓa shi ya koma tsatsa. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa ƙarfe idan ya wuce miligiram 0.3 a lita ɗaya yakan fara ɓata tufafi da kayan famfo. Ɗan mitsitsi ne, amma a ruwan da ya kai lita dubu ɗari ya isa ya sauya kamanninsa gaba ɗaya. Ga shi kuma zafi na ƙafar da ruwa kullum, ana ƙara sabo, ruwa na tashi sama, ƙarfe na zama a ƙasa yana taruwa.

Na taɓa tsayawa bakin wani kwami da safe, maigidan wurin yana ta faɗa da yaron da ke kula da shi, wai ya bar ruwa ya ƙazanta alhali jiya aka cika. Yaron bai yi musu ba. Ya ɗauko farin bokitin fenti da ya wanke, ya tara ruwa kai tsaye daga bakin burtsatse, ruwa garau. Ya barbaɗa ɗan garin kulorin da bai cika cokali ba, ya motsa da kara, ya ajiye a inuwa. Kafin a gama gaisawa da baƙi ruwan ya fara yin rawaya, can kuma ya koma ja-ja, wani gari mai laushi ya fara kwanciya a gindin bokitin. Ya ce, "Alhaji, ka gani, ba dauɗa ba ce. Daga ƙasa yaz zo da abinai." Wannan gwaji ba ya cin ko sisi, kuma ya raba gardamar da za ta iya sa a kori bawan Allah daga aikinsa. Maganin irin wannan ruwa shi ne a tara shi a tanki tukuna ya sha iska ya kwanta, a tace, sannan a sake shi cikin kwami. In ya riga ya shiga, a sa alif ya tattara tsatsar ta nutse, a zuƙe ta a zubar waje, kada a bi da ita ta cikin matatar yashi ta toshe.

Haka tabon da ke manne a jikin tayil. Ka ɗauki ƙwayar bitamin C ta kantin magani ka danna a kan tabon na ɗan lokaci. In wurin ya yi haske, tabon ƙarfe ne. In bai motsa ba, ka gwada ƙwayar kulorin. In ita ta ɗauke shi, to na ganye ne ko gansakuka, irin wanda ganyen dogonyaro ke bari idan ya kwana a ƙasan ruwa. Tabo baƙi mai ratsin shuni yakan nuna wani ƙarfen da ake kira manganis.

Fari-fari kuwa, ruwa ya yi hazo ba kore ba ja, dalilinsa kan zama ɗaya cikin uku. Ko ƙurar hunturu, ko matatar yashi ta cika ba a wanke ta ba, ko kuma ruwan ya yi kanwa-kanwa har farar ƙasar da ke cikinsa ta fito fili. Kada mu manta a kan dutsen farar ƙasa wani sashe na yankin nan yake zaune, shi ne ma dalilin kafa masana'antar siminti a Kalambaina. Ma'aunin tsami da kanwa, wanda ake kira pH, ana so ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8, kulorin kuma tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a lita. Kayan awon ƙaramin akwati ne mai kwalabe biyu, kuɗinsa bai kai na buhun kulorin ɗaya da za a zubar a banza ba.

Kada wani ya ɗauka wannan kuskure na ƙananan ma'aikata ne kaɗai. A watan Agustan 2016, a gasar Olamfik ta birnin Riyo na ƙasar Burazil, duniya na kallo kwamin masu tsalle cikin ruwa ya wayi gari kore shar, na kusa da shi ma ya bi sahu. Da farko masu shirya gasar suka ɗora laifin a kan gansakuka da zafi. Sai bayan kwanaki suka bayyana cewa an zuba wani sinadari ne, irin wanda ke kumfa idan an wanke rauni da shi, ya kashe ƙarfin kulorin ɗin da ke ciki. Ƙarshenta sai da aka kwashe ruwan kwamin na kusa, wanda ya fi girma, aka zuba sabo. Ga ƙwararru, ga kuɗi, ga na'urori, amma an zuba abu a kan abu ba tare da an tambayi me ke ciki ba.

Akwai magana guda da ba ta jiran bincike. Duk ruwan da ba a hango ƙasansa, kada a bar kowa ya shiga. Yaro zai iya nutsewa a gaban mutane goma ba wanda ya gan shi. Kuma kulorin da asid ba sa haɗuwa a bokiti ɗaya ko a ɗaki maras iska, hayaƙin da ke tashi yana ƙona huhu.

Na san mafi yawan masu saurarenmu ba su da kwamin ninkaya, amma kusan kowa na da tanki, ko randa, ko jarkokin 'yan garuwa a ƙofar gida, ga kuma tankunan alwala na masallatai. Ƙa'idar ɗaya ce. Koren da ke cikin farin tanki hasken rana ne ya haife shi, shi ya sa baƙin tanki mai murfi ya fi. Jan da ke kwanciya bayan ruwa ya kwana, ƙarfe ne. Jan ruwan famfo da damina, lokacin da gulbin Rima ya kawo laka, shi kuma daban. Sannan ruwa garau ba shi ne shaidar lafiya ba, ƙwayar cutar amai da gudawa ba ta da launi.

Yanzu mu bi wannan ruwan burtsatse mu ga inda yake ƙarewa. Da yawanmu shi muke ɗura wa lagireton mota da safe. Ƙarfen da ya rina kwami da farar ƙasar da ta sa shi hazo, su ne ke tsatsa da ɓawo a cikin lagireto. A motoci masu giyar otomatik da yawa, akwai wani ɗan bututu a cikin tankin lagireton wanda man giya ke bi don ya huce. Ranar da tsatsa ta huda wannan bututu, ruwa da mai sun gauraya. Ka zaro geji ka ga man ya koma ruwan hoda mai kauri kamar an dama madara a ciki. In ka ga haka, kashe mota. Ruwa yana saki gam ɗin da ke riƙe da faibar giya, kuma kowane kilomita da ka ƙara, ƙarin asara ne. Haka kuma yake faruwa ga wanda ya kutsa da mota cikin ruwan da ya malale titi da damina.

Shekarun baya wannan magana ba ta dame mu ba. Zamanin Fijo 504 da 505 da ake haɗawa a Kaduna, giyar hannu ce, kuma giyar hannu galibi ba ta da filta ko kaɗan, mai ne kawai a cikin akwati. Sai motocin Kwatano suka cika gari, Camry da Corolla da Accord, kusan duk otomatik. Motocin suka sauya, amma yadda muke kula da su bai sauya ba. Mutum zai juye baƙin mai a kan kari, amma ya shekara biyar bai taɓa duba man giya ba.

Man giyar otomatik, a yawancin motocin da muke hawa, ja ne idan sabo. Da gangan ake rina shi don a bambanta shi da baƙin mai idan ya ɗiga a ƙasa. Da tafiya ta yi tafiya sai ya yi duhu ya koma ruwan ƙasa, wannan tsufa ne, ba lallai ciwo ba. Wasu mayukan ma da wuri suke duhu alhali da sauran ƙarfinsu, wasu kuma tun daga kwalba ba ja ba ne, kamar na giyar da ake kira CVT. Don haka launi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da hanci da yatsa. Ɗiga shi a farar takarda. Sansana. In baƙi ne yana warin ƙuna, kana murza shi kana jin gari-gari, to faiba ta ci wuta. Zafi ne babban abokin gabar wannan mai, kuma motar da ta ɗauko kaya niƙi-niƙi daga nan zuwa Gusau da tsakar ranar Afrilu ta san zafi.

Sai tambayar da ake yawan yi: ina filtar take? Amsar ta danganta da motar, kuma duk wanda ya ba ka amsa ɗaya ga dukkan motoci bai faɗa maka daidai ba. A Toyota da yawa, irin su Camry da Corolla, da kuma Marsandi, akwai faranti a ƙarƙashin giyabos wanda notuna suka zagaye. A juye mai, a kwance farantin, filtar na nan manne a sama, faffaɗa ce, bakinta na kallon ƙasa inda take zuƙar mai. Wata ragar ƙarfe ce da ake iya wankewa, wata kuma mai kama da takarda ce, sai dai a canza. A Honda da yawa kuwa babu wannan faranti. Noti ɗaya ne na juye mai, rariyar tana can cikin cikin giyabos, ba a isa gare ta sai an sauke shi an raba biyu. Wasu daga cikinsu an ƙara musu wata 'yar filta a waje, a kan giyabos ɗin ko a jikin tiyon da ke zuwa lagireto. Fijo 406 da 307 masu otomatik, su ma tasu galibi a ciki take a rufe. Saboda haka in an ce maka an canza filtar giyar motarka cikin rabin sa'a, kana da haƙƙin ka ce a nuna maka tsohuwar da inda aka ciro ta. Hanya mafi sauƙi ta sanin gaskiya ita ce lambar giyabos ko lambar shasi. Kowane yaron gareji yanzu yana da waya a aljihu, ya sa lambar a intanet zai ga zanen cikin giyar tun bai taɓa sifana ba.

Filtar da ta toshe tana da alamunta. Da safe ka sa giya, motar ta yi jinkiri kafin ta ɗauka. Ka ji wani ƙugi siriri daga ƙasa. Wadda ta fi bayyana ita ce mota ta tashi lafiya, ta yi 'yar tafiya, sai ta saki kamar an sa ta a furi. Ka kashe, ka jira kaɗan, ka tayar, ta sake tafiya. Dattin ne ke taruwa a bakin rariya idan famfon mai na zuƙa, ya saki idan an kashe. Motoci nawa aka sauke wa giyabos a kan wannan, alhali faranti kawai ya kamata a fara buɗewa?

Na ga wani dattijon bakanike yana wannan aiki, kuma yadda ya yi shi ya zauna mini a rai. Da ya sauke farantin bai miƙa wa yaro ya wanke ba. Ya ɗauke shi a hankali ya kai hasken rana, ya kira mai motar. A ƙasan farantin akwai ƙananan mayen ƙarfe da kamfani ke sawa don su kama ɓurɓushi. Ya shafo ɗaya da yatsa, wani toka-toka mai laushi ya fito, ya ce wannan cin yau da gobe ne, kowace mota na yin sa. Sannan ya karkata farantin, ya nuna wasu baƙaƙen ɓarɓashi da suka kwanta a kusurwa, ya ce, "Wanga shi ne faiba. Ta fara ci, amma ba ta ƙare ba." Ya duba ko akwai ƙyalli na gutsuren ƙarfe ko na tagulla, bai gani ba. A kan abin da ya gani ya yanke shawara: sabuwar filta, sabon gasket, mai irin wanda kamfani ya rubuta, a dawo bayan ɗan lokaci a sake juyewa. Ya faɗa wa mai motar gaskiya cewa giyar ta tsufa, kada ya ɗora mata nauyi. Da ya tarar da gutsuren ƙarfe, da maganar ta zama ta sauke giyabos, kuma da mai motar ya gani da idonsa.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ta yaɗu cewa canza man giya na kashe giya. Akwai abin da ya haifar da ita. Mutum ba ya tunawa da man sai giya ta fara santsi, lokacin faiba ta riga ta cinye, garinta da ke yawo cikin tsohon mai shi ke ɗan riƙe ta. A zuba sabo, riƙon ya tafi, sai a ce sabon mai ne ya kashe ta. A ganina jinkiri ne ya kashe ta. Wani abin kuma da ke kashe ta shi ne mai ba nata ba. Toyota na da T-IV da WS, Honda na da Z1 da DW-1, CVT na da nata na musamman, kuma ba a musanya su don wai duk man giya ne. A sani kuma juyewa ɗaya ba ta fitar da man duka, kusan rabi ko fiye yana maƙale a ciki, shi ya sa ake maimaitawa.

Kirana na farko ga masu motoci ne da masu otal. Ku daina matsa wa ma'aikaci ya zuba wani abu don ku ga ana aiki. Minti goma na dubawa aiki ne, a biya shi. Wanda ya ce maka bari in auna tukuna, riƙe shi da kyau.

Ga iyayen gidanmu kanikawa da shugabannin ƙungiyarsu ta NATA, ku koya wa yaranku karanta faranti kafin su wanke shi, ku kuma sa ya zama al'ada a nuna wa mai mota abin da aka ciro. Tsohon man da aka juye a tara shi a durom, kada a malalar a kwata, domin rijiyoyin unguwa na kusa. Ga hukumomin lafiya da muhalli na jiha, wuraren ninkaya da jama'a ke biya su shiga sun cancanci a riƙa leƙa su, musamman da bazara da lokacin bukukuwan Sallah, a ga littafin da suke rubuta awon ruwa na kullum. Wanda kuma ya haƙa sabuwar burtsatse, ya ɗebi kwalba ɗaya ya kai ɗakin gwaji, muna da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da masana ruwa a garin nan.

Kai kuma ɗan'uwa direba, gobe da safe kafin ka kama hanya, in motarka na da gejin giya, zaro shi ka ɗiga a farar takarda ka sansana, ka kuma nemi ruwan lagireto na gaskiya ka bar na burtsatse.